Intanet a Wurin Ambaliya: Wace Na'ura Za Mu Tanada?

Tambaya: Malam, mu 'yan sa-kai ne a Maiduguri. Lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, rashin sabis ya hana mu tura sunayen waɗanda aka kwashe. MiFi za mu saya ko me?

Amsa: MiFi, 'yar na'urar da ake sa wa layin waya ta ba da Wi-Fi, da tirken sabis ta dogara. In ruwa ya shiga injin tirken ko man janaretansa ya ƙare, ita ma ta mutu. Ku riƙe ta da layuka biyu na kamfanoni daban-daban, amma abin dogaronku ya zama mai magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye. Irin wannan ita ce Starlink, wadda ke aiki a Najeriya tun 2023, ƙaramarsa kuwa, Mini, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, da Wi-Fi a jikinta.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wuta. Mini na jan wat 25 zuwa 40. Batirin litiyam mai volt 12 da 100Ah yana ɗauke da kusan 1,280Wh, wato zai riƙe ta sama da awa 30. Batirin ruwa mai wannan girma rabinsa kawai ake sha, in an zarce ya lalace da wuri. Ku haɗa da farantin sola na wat 200, domin da damina gajimare na rage abin da yake bayarwa, ga kuma layin masu cajin waya.

Tambaya: Mun ga wata Mini tana mutuwa tana tashi da kanta. Lalacewa ta yi?

Amsa: Da wuya. Yawanci doguwar wayar wutar da ke zuwa da ita ce, mai mita 15, aka jona wa batirin volt 12. Kafin wutar ta isa ta yi rauni. A gajarta wayar, ko a sa na'urar ɗaga wuta zuwa volt 24. In fawa-bank ne, sai mai fitar da wat 100 ta USB-C.

In kuwa intanet ɗin ne ke tsinkewa, a duba sama. Reshen darbejiya guda ya isa ya riƙa yanke kira. Ruwa kamar da bakin ƙwarya ma yana raunana siginar, sai an ɗan jira. BGAN, wani intanet na tauraron ɗan'adam na kamfanin Inmarsat, ya fi jure ruwa, amma gudunsa bai kai rabin megabit ba a ƙananan na'urorin, kuɗin datarsa kuma ba na wasa ba ne.

Tambaya: Sai bala'i ya zo za mu buɗe kwalin?

Amsa: Ko kusa. Yin rajista da biyan kuɗi suna buƙatar intanet, kunnawar farko kuma takan tsaya sabunta manhaja. Ku kunna Mini ɗin duk wata, ku tabbatar tsarin da kuka biya ya yarda a yi yawo da ita. Ku sa kalmar sirri, ku kashe sabuntawa da loda hotuna a wayoyin ma'aikata, in ba haka ba fom ɗinku zai tsaya a bayan bidiyon wani.