Daga Damagaram zuwa gandun daji da iyali: W ko Yankari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Ina son in ɗauki uwargida da yara huɗu a motata a hutun ƙarshen shekara, su ga namun daji da idonsu. Wasu sun ce in nufi gandun W, wasu sun ce Yankari a Najeriya. Wanne ya fi, kuma wane shiri zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka nufi Yankari. Gandun W namu ne, amma daga Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ne, ga wasu 150 zuwa Tapoa, mashigar gandun, kuma yankin yana fama da ƴan bindiga, ba wurin kai yara ba ne a yanzu. Yankari kuwa bai wuce kilomita 650 daga ƙofar gidanka ba, kuma da Hausa za ka yi magana tun daga nan har can. An keɓe shi a 1956, ya zama gandun ƙasa a 1991, a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi.

Ka bi Matamai, ka tsallaka iyaka a Ɗan Barto da Kwangwalam, sai Daura, Kazaure, Kano: kimanin kilomita 240. Daga Kano ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi kimanin 300 ne. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran kilomita 40 da ƴan kai cikin daji kafin masaukin Wikki. Kada ka haɗa duka a yini ɗaya. Iyaka da shingayen bincike suna cin lokaci, kuma tuƙin dare a wannan hanya haɗari ne. Ka kwana a Kano ko Bauchi, ka shiga gandun da rana tsaka. Kafin ka tashi ka kira masaukin ka kama ɗaki, ka kuma tambayi halin tsaro, don an sha samun hare-hare a wasu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri, inda gandun yake.

Takardu su ne suka fi mayar da mutane gida. Manya su riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa, yara takardar haihuwa. In akwai ɗan ɗan'uwa a cikinsu, a samo rubutaccen izinin mahaifinsa. Kowa ya zo da katin rigakafin shawara, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Ga mota: lasisin tuƙi, takardar mallaka, inshorar da ke aiki a Najeriya, da takardar shigar da mota ta wucin gadi daga kwastan ɗin Najeriya. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Janairun 2025, ka leƙa ofishin duwan da kamfanin inshorarka kafin ranar tafiya, su faɗa maka abin da ake karɓa a lokacin. Jami'an kiyaye haɗurra na Najeriya suna duba tukunyar kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku da safayar taya.

A kai mota gareji mako guda kafin tafiya, a duba birki, bel, ruwan lagireto da tayoyi. A auna iskar taya da safe kafin ta ɗauki zafi. Taya mai ƙarancin iska a mota mai nauyi tana lanƙwasa, ta yi zafi, ta fashe ana cikin gudu. Ka cika tanki a gidan mai a Bauchi, ka bar man ƴan ruwa-ruwa, don dattinsa na toshe matatar mai. Sefa kuma a canza ta zuwa naira tun a Damagaram ko a Wapa ta Kano, ka riƙe tsaba, saboda layin waya yana rauni a cikin daji. Ruwan sha a lissafa aƙalla lita 3 ga kowane mutum a yini.

Ƙarshen Disamba lokaci ne mai kyau, hanyoyi sun bushe, ba zafi. Sai dai jama'a suna cika wurin a hutun, kuma dabbobi sun fi ganuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta, tafkuna suka ƙafe, kowace dabba ta dawo bakin kogin Gaji. Ka shirya zukatan yara tun daga gida: gwanki, gwambaza, mazo, mugun dawa da birai kusan tabbas ne, ɓauna, kada da dorina ana dacewa da su, giwa kuwa sai an yi sa'a, zaki ma ya yi ƙaranci ƙwarai. Kwana biyu a Wikki zai ba ku fita uku ko huɗu, da sassafe da bayan la'asar, don da rana dabbobi suna cikin inuwa.

Ba a shiga daji sai da ɗan jagora na gandun, kuma in motarka ƙarama ce ka hau tasu. Ba mai sauka sai ya ba da izini. In kun haɗu da giwa mai ɗa, a tsaya nesa, ba oda, ba ihu. Ga wani abu da baƙi ba su cika sani ba: ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, don haka shuɗiyar shadda da baƙin hijabi su zauna a jaka, a sa tufafi masu ruwan ƙasa da dogon hannu. Da dare gidan sauro wajibi ne.

Abin da ya fi ba iyalai wahala yana cikin masaukin kansa: gwaggon biri. Sun saba da mutane, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna fizge leda daga hannun yaro. A kulle ɗaki da gilashin mota, a ci abinci a ciki, kada kowa ya miƙa musu komai. In ya ƙwace abu a bar masa, cizonsa ya fi asarar burodi.

Maɓuɓɓugar Wikki ruwanta garai-garai ne, ɗuminsa digiri 31 dare da rana. Tsabtarsa tana ruɗin ido, a ga ƙasa kamar kusa, alhali wajen da yake ɓuɓɓugowa zurfin ya kusa mita 2. Yaran da ba su iya iyo ba su tsaya a gefen da ba zurfi, babba na riƙe da su. Uwargida da ƴan mata za su fi sakewa da sassafe, kafin jama'a su sauko.