Tambayi Likita: Ina aiki daga gida, yara kuma sun manne wa allon waya da kwamfuta

Assalamu alaikum Likita. Ina aiki ta intanet daga gida. Duk sanda zan shiga taro a kwamfuta sai in miƙa wa ɗana ɗan shekara 3 waya don ya bar ni. Yanzu da na karɓe sai kuka da birgima. Na cuce shi ne?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, abin yana gyaruwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Dalili shi ne, yaro yana koyon magana ne idan ya faɗa aka amsa masa, ya nuna abu aka gaya masa sunansa. Waya ba ta yin wannan.

Ga abin da nake gaya wa iyaye mata. Kafin taron, ki ba shi minti 10 naki cur, ki zauna ƙasa tare da shi, wayarki na nesa. Yaron da ya ƙoshi da uwarsa ya fi haƙurin jira. Sannan ki ware kwali guda na kayan wasa da takardun zane wanda ba ya fitowa sai lokacin taro, ana gamawa ki ɓoye. In kuma dole sai wayar, ki gaya masa tun farko cewa daga abin da yake kallo ya ƙare shi ke nan, kuma ki tsaya kan maganarki. Kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, kada ki karaya. Abin da ya fi wayar tayar min da hankali shi ne ɗan shekara 3 a wani ɗakin, ke kuma kunnuwanki a toshe. Bokitin ruwa ko kwalbar magani ba sa buƙatar minti 5 kafin su cutar da yaro. Ya zauna inda idonki ke kai.

Likita, 'yata mai shekara 9 tana darasi a kwamfuta kusa da teburina. Kullum da yamma sai ta ce idonta na zafi, kanta na ciwo.

Malam, ka lura da ita gobe ba tare da ta sani ba. Za ka ga ta ƙura wa allon ido, ƙiftawa ta ragu sosai, shi ke busar da ido ya kawo raɗaɗi. Duk bayan minti 20 ta ɗaga kai ta kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Allon ya yi nesa da fuskarta gwargwadon tsawon hannunta. Ta kuma riƙa fita wasa waje, wajen awa 2 a rana in da hali, domin hasken waje yana rage haɗarin ciwon nan na kasa ganin nesa. Amma in tana kanne ido ko tana matsowa daf da allo, a kai ta gwajin ido, wataƙila tabarau take buƙata.

Ɗana ɗan shekara 14 ba ya barci sai ƙarfe 1 na dare, da safe kuma karatu ba ya shiga.

Hajiya, ba duka ne taurin kai ba. Da balaga jiki kan jinkirta sakin sinadarin melatonin mai kawo barci, hasken allo da daddare kuma yana ƙara jinkirta shi. Ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. A fitar da waya daga ɗakin kwana awa 1 kafin kwanciya, a tsayar da lokacin tashi guda har a ranakun hutu. Sai dai in yana ganinki kina amsa saƙon ofis a kan gado, dokar ba za ta yi kwana uku ba.

Yarona ɗan shekara 6 ba ya iya zaman karatu ko na minti 15. Ko yana da larurar rashin natsuwa ne?

Ba a yanke wannan hukunci daga teburin gida kaɗai. Sai alamun sun kai wata 6, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya. Ki gutsuttsura masa karatun minti 10-10, ya sami aƙalla minti 60 na guje-guje kullum. In malaminsa ma yana kawo wannan ƙorafi, to ku ga likitan yara.