Tambulan ɗin da ke kabad ɗin Yaya

Kishiyata, saƙonki ya iso. Wai kin buɗe kabad ɗin marigayiya Yaya, kakarki, kin tarar da tambulan da ƙananan kofunan gilashi, kina son sanin shekarunsu, da ko al'ada ta yarda a sayar wa masu neman kayan da. Sai da na dara, daga baya gabana ya faɗi. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, har an fara lissafi?

Yawancinsu kayan jere ne. Ranar jeren Yaya tun da hantsi mata suka cika ɗakin, ana guɗa, ana ɗora kwalla kan kwalla, fanteka da samiru har sun kusa taɓa rufi. Tambulan ne na ƙarshe, kuma gwaggon amarya kaɗai ke taɓa su. Ta goge kowanne da farin ƙyalle, ta ƙyasta shi da farce a jikin kunnenta, in ba ta ji alamar tsaga ba ta kife shi a sahun gaba, inda idon dangin ango zai fara sauka. Iyayenmu kan ce kayan jere ba na ci ba ne, na fita kunya ne, shi ya sa sai babban baƙo ake ba ruwa a ciki, ko zamzam in alhaji ya sauka. Ku yanzu kowa ya zo sai ku miƙa masa leda.

To, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kife kofin ki dubi gindinsa. In akwai tabo mai kaushi a tsakiya, ga ƴan kumfa cikin gilashin, hura shi aka yi da baki. In kuwa yatsanki ya ji siririn layi a gefe daga sama zuwa ƙasa, na inji ne. Wanda aka rubuta wa Duralex ɗan Faransa ne, bai girmi 1945 ba, kuma lambar da ke gindinsa ta mazubin da aka zuba shi ce, kada ki ɗauka shekara ce. Mai West Germany tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi, mai Czechoslovakia kuwa kafin 1993. Ki duba zagayen da yake zama a kai: tsohon gaske ya goge, ƙarce-ƙarcensa kowanne da inda ya nufa.

Mai nauyi, wanda in an ƙyasta yake daɗe yana amo, akwai dalma a jikinsa. Kada a bar zoɓo ko lemo ya kwana a ciki. Masu bakin zinariya kuma ban da soson ƙarfe, ban da toka, ruwan ɗumi da sabulu ya isa, don tafasasshen ruwa tsaga tsohon gilashi yake. Wanda ya yi hazo ki jiƙa shi da ruwan lemon tsami. In ya washe, gishirin ruwan rijiya ne, in ya ƙi, gilashin ne ya ciwu, ba shi da magani.

Zancen sayarwa kuwa, gado ne, ƴaƴanta na raye, sai an zauna da malam. Kafin nan ki naɗe kowanne da jarida shi kaɗai, kada ki cusa wani cikin wani, haka suke maƙalewa su fashe.