Jirgin ruwa na kashe gobara da aka daina aiki da shi, me ke hana shi ruɓewa?

Ana tambaya ko irin wannan jirgi yana sake amfani bayan an ajiye shi, da kuma yadda ake kula da shi. Ɗauki misalin John J. Harvey na birnin New York a Amurka. An ƙera shi a 1931, tsawonsa ƙafa 130, famfunansa na feso galan 18,000 a minti ɗaya. Hukumar kashe gobara ta ajiye shi a 1994, aka yi gwanjonsa a 1999, wasu masu kishinsa suka saya. Ranar 11 ga Satumba 2001, da aka kai hari kan tagwayen benayen World Trade Center a New York, gobara ta tashi kuma bututun ruwan unguwar suka fashe, shi aka kira, ya yi ta turo ruwan kogin Hudson kusan awa 80.

Babban abokin gabarsa tsatsa ce, kuma yawanci daga ciki take ci. Ruwan sama yana yoyo, ya taru a ƙasan jirgin, ya cinye ƙarfe ba a gani ba. Don haka a riƙa kwashe ruwan ana barin iska ta shiga. Lokaci-lokaci a fitar da jirgin tudu, a kankare gindinsa, a auna kaurin ƙarfen da na'ura, a canza dunƙulen zinki da ake maƙalawa don tsatsa ta ci su maimakon jikin jirgin. A yi hattara da walda: jiragen wancan zamani da ƙusoshi aka haɗa su, zafi yana sassauta su, ruwa ya fara shiga.

Injina da famfuna kuwa, ajiya ce ke kashe su. A riƙa tayar da su akai-akai.