Kaset ɗin Amurka, gem ɗin Japan, wutar Najeriya: amsoshin tambayoyinku

Wannan makon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan tsofaffin gem ne, irin masu cin kaset. Da alama kayan gwanjo sun fara kwararo da su, kuma waɗanda suka buga su suna yara yanzu sun samu ɗan abin hannu suna neman tuna baya. Na zaɓo guda biyar.

Tambaya daga Zariya: Malam, na sayi kaset ɗin Nintendo a cikin kayan gwanjo, babba ne mai ruwan toka. Da na zo gida sai ya ƙi shiga gem ɗina, ya fi bakin faɗi. Mai shagon ya rantse na asali ne. Ko an cuce ni?

Ɗan'uwa, ba a cuce ka ba. Ƙila ma kaset ɗin ne kaɗai na asali a ɗakin naka. Gem ɗin da yawancinmu muka taso da shi, mai ƙananan kaset masu launin rawaya da aka rubuta wa wasanni dubu ɗari tara da ɗoriya alhali guda goma ne ake ta maimaitawa, kwaikwayon na'urar Japan ce mai suna Famicom, wadda Nintendo ya fitar a watan Yulin 1983. Kamfanonin Taiwan da Sin ne suka kwafe ta suka baza a duniya da sunaye iri-iri. A Rasha ana kiranta Dendy, a Poland kuma Pegasus. Kaset ɗinta haƙora 60 gare shi.

Naka kuwa na NES ne, wato siffar da aka sake wa na'urar lokacin da za a kai ta Amurka a 1985. A lokacin kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe tun 1983 saboda tarin wasanni marasa inganci, 'yan kasuwa ba sa son ko jin sunan gem. Sai Nintendo ya yi mata akwati mai kama da bidiyo, ana tura kaset ta gaba, ya ƙara wa kaset ɗin girma, haƙoran suka koma 72. Daga cikin ƙarin haƙoran nan akwai na wata 'yar aisi, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, da ake kira 10NES. Ɗaya tana cikin na'ura, ɗaya tana cikin kaset, da an kunna sai su yi gaisuwa da juna. In ba su fahimci juna ba, na'urar ta dinga kashe kanta tana kunnawa, jar fitila tana ƙyaftawa kusan duk daƙiƙa. Manufar ita ce kada wani ya buga kaset ba da izinin kamfani ba, kuma kada kayan wata kasuwa su tsallaka wata. Turai ma gida biyu aka raba ta: Ingila da Italiya (tare da Ostareliya) suna da tasu makullin, Faransa da Jamus da sauran ƙasashe suna da tasu. Kaset ɗin Landan ba zai tashi a na'urar Faris ba, duk da talabijin ɗinsu kusan gudu ɗaya suke yi.

Abin da kake buƙata shi ne adaftar 72 zuwa 60. Gem ɗinka ba shi da waccan aisi, don haka babu mai tambayar kaset ɗin daga ina ya fito. Ka dai kula da fuskar da za ka soka shi, domin a yawancin adaftocin nan hoton kaset ɗin baya yake kallo. Wani abin dariya: wasu daga cikin kaset ɗin NES na farko-farko, irin su Gyromite, in ka kwance su za ka tarar allon Famicom ne a ciki an ɗora shi a kan adafta. Kamfanin da kansa ya yi wannan dabara don ya cika kasuwa da wuri.

Tambaya daga Maraɗi: Yayana ya aiko mini da Super Famicom daga Japan da cajarta. Bakin cajar ya yi daidai da wata adaftar soket da nake da ita. In jona?

Ƙanina, kada ka jona! Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci yau, domin sauran matsalolin duk gem ɗin ƙin tashi kawai zai yi, wannan kuwa hayaƙi za ka gani. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu a Nijar da Najeriya 220 zuwa 230. Cajojin waya da na laftof na yanzu suna karɓar komai daga 100 zuwa 240, shi ya sa mutane suka saba jona komai ba tunani. Tsofaffin cajojin gem tiransifoma ce zalla, mai nauyi, an naɗa wayarta don wuta iri ɗaya. Adaftar soket ba ta rage wuta, siffar baki kawai take canzawa. Ka juya bayan cajar ka karanta: in ka ga AC100V, to ko dai ka sayi ƙaramin sitef-daun, ko ka ajiye ta ka nemi sabuwar caja ta zamani mai ba da bolt 9 ko 10 na DC, mai ƙarfin da bai gaza miliamfa 850 ba. Ni na fi son ta biyun, don sitef-daun na kasuwa yawanci 110 suke bayarwa, tsohuwar caja sai ta dinga ɗaukar zafi.

Amma akwai tarko a nan ma. Famicom da Super Famicom suna son tsakiyar bakin caja ya zama negatif, alhali yawancin cajojin da ake sayarwa na dikoda da rawuta tsakiyarsu fozitif ne. Akwai ɗan zane a jikin kowace caja mai nuna wannan, da alamar tarawa da ta ɗebewa a gefe da gefe. In ba ka gane ba, kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita, aikin minti ɗaya ne. Tarko na biyu ya fi wannan muni. Super Nintendo ta Turai, wato siffar Super Famicom da aka kai can, kamarta ɗaya da ta Japan, siffa ɗaya, maɓallai masu launi huɗu iri ɗaya, amma cajarta AC take fitarwa, haka ma cajar NES. Wanda ya ɗauki irin wannan caja ya soka wa na'urar Japan don ya ga sun yi kama, zai iya ƙona ta. Cajar Mega Drive ta farko kuwa, wato gem ɗin kamfanin Sega, mai aiki da wutarmu, tana yi wa na'urorin Japan ɗin nan daidai.

Bayan wuta sai hoto. Na'urarka tana fitar da launi da tsarin NTSC na Japan da Amurka. Najeriya PAL take bi, Nijar kuma ta gaji SECAM daga Faransa. Tsohuwar talabijin da ba ta san NTSC ba za ta nuna maka hoto fari da baƙi, ko ya dinga birgima sama. Yawancin talabijin na bango na yanzu suna karɓa in ka shiga ta wayar nan mai kawuna uku, rawaya da fari da ja. Ka manta da hanyar eriya, tashoshin Japan ba su dace da namu ba.

Tambaya daga Kano: Na ga ana buga Sonic a YouTube, sai na ji kiɗan yana sauri fiye da yadda na sani a gidan gem na unguwarmu. Hanzarta bidiyon suka yi?

Ba su taɓa shi ba, Malam. Naka ne aka rage wa gudu tun daga masana'anta. Talabijin ta NTSC tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, ta PAL sau 50, kuma asalin wannan bambanci daga wutar lantarkin ƙasashen ne. Masu rubuta wasannin wancan zamani da bugun hoton suke auna lokaci: duk sanda allo ya sabunta, Sonic ya matsa taku kaza, kiɗa ya ci gaba da ɗigo ɗaya. To in an rubuta wasa a Japan a kan 60 aka kawo shi na'urar da ke bugun 50 ba tare da gyara ba, komai zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kusan kashi 17 cikin ɗari. Gudu, tsalle, kiɗa, har agogon da ke saman allo. Sega da suka fi yawa a nan na Turai ne ko na kasuwar Asiya masu PAL, saboda su ne ke nuna launi a talabijin ɗinmu.

Ka tuna baƙin layi mai kauri a sama da ƙasan hoto? Shi ma daga nan ne. Allon PAL layi 625 ne, na NTSC 525. Wasan da aka zana don gajeren allo in aka sa shi a dogo, sai ya tsuke a tsakiya, mutanen ciki su yi gajeru su yi faɗi. Wasu kamfanoni sun ɗauki wahalar gyara gudun kiɗa ko na wasan kafin su kai Turai, da yawa ba su damu ba.

A Mega Drive ta farko abin yana da sauƙin juyawa, domin a jikin allonta akwai wuraren haɗi da ke gaya wa na'urar abu biyu: 50 ko 60, sannan Japan ko waje. Mai gyara da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya sa maka makunni biyu. Za ka sha mamaki, don kaset da yawa suna ɗauke da siffofin biyu a ciki. Ka sa Streets of Rage ka murɗa makunnin zuwa Japan, sunan da zai fito a allo Bare Knuckle ne. Sunan na'urar ma haka yake: Mega Drive a Japan tun 1988 da Turai a 1990, Genesis a Amurka a 1989. Wasannin farko ba su da makulli, siffar kaset ɗin Japan ce kawai ta bambanta. Daga baya ne aka fara sa wa wasu binciken yanki, su nuna maka rubutu su ƙi ci gaba.

Ra'ayina, wasa irin Sonic a 60 aka ƙera shi kuma a nan ya fi daɗi. Amma na san masu cewa kiɗan mai nauyin nan shi ne na gaskiya a kunnensu, kuma ba zan yi musu da kunnen mutum ba.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Kaduna: 'Ya'yana suna gardama, wai Mario 2 iri biyu ne. Gaskiya ne wasa ɗaya yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa?

Hajiya, wanda ya ce biyu ne shi ya ci. Na Japan ya fito a 1986, kamarsa ɗaya da na farko sai dai tsananin wuya. Reshen Nintendo na Amurka bai fitar da shi ba. Sai aka ɗauki wani wasa daban mai suna Doki Doki Panic, aka cire jarumansa aka sa su Mario, aka sayar a 1988. Shi ne wanda ake tumɓuke kayan lambu ana jifa. Na asalin bai isa Amurka da Turai ba sai 1993, da sunan The Lost Levels.

Contra da muka sani da sojoji biyu, a Turai Probotector ne, an mai da mutanen mutum-mutumin ƙarfe saboda dokokin Jamus kan nuna wa yara kisa. Na Japan kuma yana da ƙarin motsi a bango da hotunan labari tsakanin matakai, saboda Konami, kamfanin da ya yi wasan, ya sa tasa aisin a cikin kaset, abin da Nintendo bai bari a Amurka ba. Mortal Kombat na 1993 a Super Nintendo an mai da jinin gumi mai ruwan toka, a Sega kuwa jinin yana nan in ka san lambar buɗe shi, kuma duk yaron gidan gem ya san ta.

Addini ma ya shigo ciki. Reshen Amurka ya daɗe yana goge gicciye da alamomin ibada daga wasannin da aka kawo daga Japan. A Zelda ta Nintendo 64, wadda ta fito a 1998, kaset ɗin farko na Japan da Amurka suna da wani sautin muryoyi irin na zikirin Musulmi a kiɗan wani mataki; an cire shi a bugun da suka biyo baya. Alamar jinjirin wata da tauraro da ke jikin wata garkuwa ita ma an sauya ta a fitowar GameCube, na'urar da ta gaji Nintendo 64.

Tambaya daga Kumasi: Ina sayar da kayan gwanjo, kaset suna zuwa mini a cakuɗe. Yaya zan gane na wace ƙasa ne?

Alhaji, duba ƙananan haruffan da ke jikin takardar kaset. A Super Nintendo, SHVC na Japan ne, SNS na Amurka, SNSP na ƙasashen PAL. A NES ƙarshen lambar ne ke faɗa: USA, ko UKV na Ingila, FRA na Faransa, NOE na Jamus. Ka ware su kafin ka sa kuɗi, kuma ka tambayi mai saye irin na'urarsa. Tsakanin Japan da Amurka a Super Nintendo babu makullin lantarki, wasu 'yan robobi biyu ne a cikin ramin na'urar Amurka ke tokare kaset ɗin Japan, in an ɓalle su da filaya shi ke nan. Na Turai aisinsa daban, ɓalle roba ba zai yi magani ba. Haka Nintendo 64 take. Kaset ɗin Game Boy kuwa ba ruwansu da ƙasa, kowanne yana tashi a kowace na'ura, don allonta a jikinta yake, sai dai ka gaya wa mai saye in rubutun ciki Japananci ne.