Me ya sa Bature ke cewa "Timbuktu" idan yana nufin wuri mai nisa?

Tambaya: Malam, na ji wani Bature yana cewa zai bi mutum "from here to Timbuktu", wato daga nan har Timbuktu. Timbuktun Mali yake nufi, ko wata kalma ce daban?

Amsa: Ita ce dai, ɗan'uwa, birnin nan na arewacin Mali da ke bakin Sahara, kusa da kogin Neja. A bakin Bature sunan ya koma kamar yadda mu muke cewa "bangon duniya" ko "birnin Sin", wato inda tafiya ta ƙare.

Zinariya ce ta jawo haka. A 1324 Mansa Musa, sarkin daular Mali, ya ratsa Alƙahira zai je hajji, ya yi ta kyautar zinariya har darajarta ta faɗi a Masar, labari kuwa ya tsallaka Turai. Daga baya matafiyi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya bayyana arzikin garin da yadda littafi ke tsada a kasuwarsa. An buga littafinsa a 1550, aka juya shi zuwa Ingilishi a 1600. Ga suna a kunne, ga kwaɗayi, amma hamada ta tare hanya. Gordon Laing, mutumin Birtaniya, ya isa Timbuktu a 1826, aka kashe shi jim kaɗan bayan ya baro garin. René Caillié, mutumin Faransa, sai da ya yi shigar Musulmi kafin ya shiga a 1828. Ya koma gida da rai, ya karɓi kyautar faran 10,000, ya kuma shaida wa Turawa gidajen ƙasa ya tarar, ba birnin zinariya ba. Amma duk da haka sunan ya zauna a harshensu, inda suka daɗe suna rubuta shi "Timbuctoo".

Abin da ke ci mini rai shi ne, har yau akwai masu faɗin kalmar ba su san gari ne na gaske ba, balle su san masallacin Sankore ko Shehu Ahmad Baba, malamin da ya rasu a 1627. A wurin kakanninmu kuwa Timbuktu kasuwa ce da fatake suka sani. Heinrich Barth, Bajamushen da ya bi ta Kano da Sakkwato kafin ya isa can a 1853, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano har Timbuktu ake kai su a sayar.