Ƙanena, dakata da sayen filafilan nan tukuna

Ƙanena, saƙonka ya iso, har da hotunan filafilan ƙafa guda uku da ka ce in zaɓar maka ɗaya kafin ka taso kwas ɗin nutso. Ba zan zaɓa ba. Ba kai ne na farko da ya turo mini irin wannan ba, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce, wai wanne ya fi kyau. Har yau ban ga wanda ya faɗa mini irin ruwan da zai shiga ba, balle ya tambayi ko ƙafarsa na da ƙarfin tuƙa abin da yake shirin saya.

Ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800. A cikinsa za ka ratsa da tukunyar iska a baya, da rigar daidaita nauyi, da darma a ƙugu, hannuwanka kuma a naɗe, don mai nutso ba ya iyo da hannu. Filafilan nan su kaɗai ne injinka. Duk wahalar da suka ba ka, a cikin tukunya za ka biya ta. Ana shiga da ma'aunin iska a kan 200, ana so ka fito da 50 a ajiye, kuma wanda ƙafarsa ke kokawa da filafili shi ne ke fara cinye iskarsa ya tilasta wa kowa fitowa.

Na hoton farko irin wanda ake zura ƙafa tsirara ne, dunduniya a rufe. Ba shi da nauyi, yana tafiya da kyau a ruwan ɗumi idan daga jirgi ake faɗawa. Amma kai aiki kake nema. Wata rana ta gaɓa za ku shiga, kana ɗauke da kaya kana taka duwatsu masu kaifi da halittun teku masu ƙaya, filafilan a hannunka. Da wace ƙafa za ka taka? Mai aiki yana sa mai buɗaɗɗiyar dunduniya da maɗauri, a kan takalmin nutso mai kauri. Saboda haka takalmin ake fara saya, mai kaurin milimita 3 ko 5 gwargwadon sanyin ruwa, sannan a je da shi a gwada filafili. Lambar girma ta kamfani ɗaya ba ta zama daidai da ta wani, kada ka yarda da abin da aka rubuta a jiki. Ka zauna, ka sa, ka ɗaga ƙafa ka kaɗa ta sama da ƙasa, hagu da dama. In ƙafar na yawo a ciki, bororo na jiranka, kuma wata rana zai suɓuce. In ya matse doron ƙafa ko yatsu sun tokare, jini ba zai gudana ba, sanyi zai kama ka, jijiyar sha-raɓa ta ɗaure kana mita 18 a ƙasa. Wannan gwajin ba a yin sa ta hoto.

Na biyu shi ne mai tsaga a tsakiya. Irinsa ya bazu ne a ƙarshen shekarun 1990, kuma ba zan zalunce shi ba: yana da sauƙi a gwiwa da idon sawu, da ƙananan bugu masu sauri yana tafiya ba gajiya. Dattijo ko mai ciwon gwiwa da ya zo hutu, shi nake ba shi shawara ya sa. Kai kuwa a'a. Ranar da ruwa ya juya yana ja, ko ɗalibi ya firgita ya zama dole ka tura shi da kayansa har jirgi, kana son abin da in ka danna ruwa da ƙarfi zai amsa maka nan take. A ƙafata mai tsaga ba ya yin haka, sai ka ji kamar kana bugun iska. Wasu ƙwararru za su yi mini gardama a kan jan ruwa, na kuma ji hujjarsu, amma ko su ba sa musun cewa ja da baya da juyawa a wuri ɗaya suna wuya da shi. Ka kuma tuna jarrabawar zama jagoran nutso ta PADI, ƙungiyar da ke horarwa da ba da shaidar nutso, tana da iyon mita 800 da tabarau da bututun numfashi da filafili ba tare da hannu ba, ga kuma jan gajiyayyen mai nutso mita 100, kowa da cikakken kayansa.

A nan akwai abin da har yanzu yake ci mini rai. Wani wuri da na yi aiki a farkon zuwana, an umarce mu mu riƙa tura kowane sabon ɗalibi shago ya sayi wani samfuri guda tun ranar farko, tun bai san yadda ake bugun ruwa ba, saboda akwai la'ada a kai. Na ƙi. Na riƙa ce wa ɗalibai su yi haya su gwada iri-iri tukuna. Sai aka fara cire sunana daga jerin masu fita jirgi, ina zaune ina wanke kayan wasu. Don haka in ka iso wani ya rungume ka da fara'a yana cewa wannan ne kowa ke sawa, ka tambayi kanka me zai samu.

Na uku, dogon nan da ya kusa kai tsawon ƙafarka, na san bidiyo ne ya ruɗe ka. An yi shi ne don masu nutso da numfashi ɗaya, ba tukunya, su sauka su hau a miƙe. A jirgi mai cunkoso zai hana ka motsi, a ƙasa ya karya murjanin da ya yi shekaru yana girma, ya kuma fizge tabaran ɗalibin da ke bayanka. Ka manta da shi.

Abin da nake sawa gajere ne, mai faɗi, mai tauri, na baƙar roba. Georges Beuchat ne ya ƙera shi a Marseille ta Faransa a 1964, kamfanin Scubapro ya fara sayar da shi da sunan Jet Fin a 1965, kuma har gobe sifarsa kusan ba ta canza ba. Samfuran Apeks RK3 da Hollis F1 duk zuriyarsa ce. Da shi ake bugun kwaɗo: ka lanƙwasa gwiwa, ka buɗe ƙafafu, ka haɗa tafukan ka tura ruwan baya, sannan ka tsaya cak kana shawagi. Ruwan ba ya dukan ƙasa, laka ba ta tashi. Duk wanda ya taɓa shiga cikin nitsattsen jirgi wani ya tayar da laka a gabansa har fitila ta daina amfani, ba sai an yi masa bayanin darajar wannan ba. Amma kada ka ruga ka saya don ni na sa. Na dama da na hagu a haɗe sun haura kilo 2, a cikin kilo 23 da yawancin jiragen sama ke ba ka. Yana nitsewa, don haka a ruwan ɗumi da siririyar riga yana iya jan ƙafafunka ƙasa. Nauyin nasa ya fi amfani a ruwan sanyi, inda ake sa rigar da ruwa ba ya shiga, iska kuma na taruwa a ƙafa tana neman kifar da mutum. Ga shi ba ya tausayin ƙafar da ba ta saba ba.

Tsakanin waɗannan akwai masu matsakaicin tauri da ke da kwaroro a jiki, irin Mares Avanti Quattro, wanda jagorori da yawa ke aiki da shi shekara da shekaru. Zatona a nan za ka tsaya. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai: ka yi kwas ɗin farko da na haya, ka roƙi abokan karatu aron nasu, ka ji bambancin a cinyarka.

In ka tashi saya, ka nemi maɗauri na sifirin ko na igiyar roba mai miƙewa. Maɗaurin roba mai makulli rana da gishiri na cinye shi, kuma ba ya tsinkewa sai kana bakin faɗawa ruwa. Launi ma ba ado ba ne. Ja yana ɓacewa tun wajen mita 5, baƙi kuma kowa na da shi. Jagora yana son fari ko rawaya, don mutanensa su gane wanda za su bi. Ka rubuta sunanka a jiki.

Ba na son ɓoye maka wannan ma. Sau da yawa baƙi sun hau jirgi sun miƙo mini filafilansu in ajiye, a zatonsu ɗan dako ne ni, wasu har suna tambayata ko na iya iyo, alhali ni zan koyar da su. Ban taɓa rama wannan da baki ba. A ƙarƙashin ruwa, da suka ga na tsaya a kwance ba motsi, na ja da baya daga jikin murjani ba tare da na taɓa komai ba, sai murya ta canza bayan mun fito. Kai ma ƙafarka za a kalla kafin takardarka, kuma ba za a yi maka uzurin da ake yi wa wasu ba.

Kafin ma a ba ka shaidar nutso ta farko, sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti 10 kana shawagi a ruwan da ya fi ƙarfin tsayinka. A saƙonka ba ka ce komai game da wannan ba, shirun kuma ya dame ni. Ka nemi wurin iyo ka fara yanzu, ka riƙa miƙar da idon sawu kullum, bugun kuma ya taso daga ƙugu, ba daga gwiwa ba kamar mai tuƙa keke. In ka amsa mini, ka faɗa mini mita nawa kake yi ba hutawa, da watan da kwas ɗin zai fara, don in san sanyin ruwan da kaurin takalmin da ya kamace ka.